Faranti Shida Bayan Kiran Magariba

Jarrabawar zama malamin ɗakin shan magani kashi biyar ce a zamaninmu, kuma har yau ina iya jero su ba tare da na yi tuntuɓe ba. Na farko rubutu. Na biyu lissafin awon magani. Na uku gane magani da harshe. Na huɗu wanke gyambo da ɗaurin bandeji. Na biyar tafasa kayan aiki da yin allura. Wanda ya faɗi kashi ɗaya ya faɗi duka. Sau uku kawai En'e, wato hukumar gargajiya, take ba mutum dama. In ya faɗi a karo na uku, shi ke nan, zai tsufa yana wanke gyambo a ƙarƙashin wani.

Ni na riga na faɗi sau biyu. Karo na farko lissafi ya kayar da ni, karo na biyu rubutun Turanci, domin karatuna bai wuce elemantare ba. Shekara bakwai na yi ina aiki a ɗakin shan magani na Rano a ƙarƙashin wani dattijo da muke kira Maigida. Ni ke share ɗaki, ni ke tafasa sirinji, ni ke wanke gyambon manoma. A shekarar da nake ba da labari, wato ana saura shekara guda a karɓi mulkin kai, En'e ta riga ta gina ɗakin shan magani a Kibiya, garinmu, ɗaki biyu da rufin kwano. Ginin ya shekara a kulle don babu wanda za a ba. Mutanen ƙauyen Fammar sukan ɗoro marar lafiya a kan jaki, su wuce ta gaban wannan ƙofa mai kwaɗo, su miƙe har Rano. Maigida ya gaya mini a fili cewa in na ci jarrabawa, ni za a ba mabuɗin, tun da ni ɗan gari ne. In na faɗi, ginin zai ci gaba da zama a kulle har sai makaranta ta yaye wani, ni kuwa maganata ta ƙare.

Sai na yi bayanin kashi na uku, domin 'yan yanzu ba su san shi ba. A lokacin yawancin magani gari ne fari, yana zuwa a cikin gwangwani ko kwalba, mu ke auna shi mu haɗa da ruwa. Takardar sunan da ke jikin kwalba da ƙullu ake manna ta. Kyankyasai suna son ƙullun nan, gara tana son takardar, danshin damina kuma yana ɓamɓare abin da suka rage. Saboda haka dole malamin magani ya iya gane abin da ke hannunsa ko da babu suna. A jarrabawa akan niƙa magani iri shida har su yi laushi ɗaya, a zuba a ƙananan faranti masu lamba, a ba mutum kofin ruwa na kurkure baki da minti goma. Magungunan su ne kwinin na zazzaɓi, asfirin, soda, gishirin wanke ciki, farar ƙasa ta tsai da gudawa, da sukarin marasa lafiya. Ido ba ya raba su. Sai an lasa.

Takardar kiran jarrabawa ta iso ana saura mako uku a fara azumi. Na ɗauki kalanda na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ranar Alhamis ce, a tsakiyar watan azumi, a tsakiyar bazara, ƙarfe takwas na safe.

Na bi matakai uku, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, na sami Maigida. Ya karanta takardar ya ce, “Wannan ya fi ƙarfina. Ka tambayi malamai, sannan ka rubuta birni.”

Na biyu, ranar Juma'a na hau keke na tafi Kibiya wurin kawuna, wanda yake limanci a unguwarmu. Na tarar da shi a zaure tare da ɗansa, taubashina, wanda shi ma wanke gyambo yake yi a Rurum, kuma shi ma an kira shi jarrabawar, karonsa na farko. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne. Na gaida Kawu, na zayyana masa matsalar tun daga farko har ƙarshe.

Kawu ya ce, “Ɗanɗano ga mai azumi makaruhi ne, kamar mai girki da ta lasa miya don ta ji gishiri ta tofar. In bai wuce maƙogwaro ba, azumi yana nan. In ya wuce ba da nufi ba, sai a rama yini ɗaya.”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, sau shida ne, kuma kowanne sai an kurkure baki. Maƙogwaron da ya bushe da zafin bazara, in ya ji ruwa, ba ya neman shawara.”

Ya ce, “Ni na gaya maka abin da littafi ya ce. Abin da maƙogwaronka zai yi, kai ka san shi.”

Taubashina ya ce, “Baba, rabu da bawan nan nawa. Wannan ko miyau zai haɗiye sai ya nemi izini a rubuce.”

Kawu ya yi murmushi, ni ban yi ba. Na san Kawu bai hana ni ba, ya ma buɗe mini ƙofa. Amma tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba, ban taɓa yin wanda nake shakka a kansa ba. Na kuma san ɗacin kwinin, ko ka tofar sai ka ji shi a can ƙasan wuya. Ban so in fara aiki a garinmu da abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ban ce wanda ya lasa ya yi laifi ba. Ni dai na san ba zan lasa ba.

Na uku, na rubuta takarda zuwa birni ta hannun Maigida, na roƙi a ɗaga ranar zuwa bayan salla. Amsa ta zo layi biyu. Ranar ta lardi ce gaba ɗaya, ba a canja ta, kuma wanda bai zo ba an ƙirga masa faɗuwa.

Daga nan na yanke shawara. Zan zauna jarrabawar, in yi kashi huɗu da iyakar ƙoƙarina, in bar na uku fari. Na san sakamakon haka. Ban gaya wa kowa ba sai matata, ita kuma ta ce, “Allah ya zaɓa mana mafi alheri,” ta ci gaba da tankaɗen da take yi.

Ranar Alhamis mai jarrabawa ya sauka daga babbar motar da ke zuwa daga birni da safe ta koma da ƙarfe uku. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, da gajeren wando da doguwar safa, yana riƙe da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Tsohon soja ne, ya yi aikin jinya a yaƙin Bama, shi ya sa kowa ke ce masa Saje. Mutumin ƙasar duwatsu ne ta kudu da mu, Kirista, amma ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Labarinsa ya riga shi zuwa. An ce ya taɓa kayar da mutum saboda datti a ƙarƙashin farce guda.

Mu biyu ne masu zaman jarrabawa a Rano, ni da taubashina. Aka jera mana tebur biyu a baranda. Saje ya ajiye agogonsa a gabansa, ya fara buɗe kwaɗo. Sai na miƙe.

“Ranka ya daɗe, ina da magana kafin a fara.”

Bai ɗago ba. “Magana ba ta cikin kashi biyar ɗin. Amma faɗi.”

“Zan yi na ɗaya, na biyu, na huɗu da na biyar. Na uku ba zan yi ba, ina azumi. Na faɗa tun yanzu don kada a wahala wajen niƙa rabona.”

Sai ya ɗago. “Ka san ma'anar haka?”

“Na sani.”

“Karo na nawa ke nan?”

“Na uku.”

Ya juya ga taubashina. “Kai fa?”

“Ni ubana liman ne, ranka ya daɗe. Ya ce in lasa in tofar. Wannan kuwa ya fi liman sanin addini, shi ya sa muke shirin naɗa shi.”

“Ban tambaye ka tarihin gidanku ba,” in ji Saje.

Ya zaro takardar dokokin jarrabawa daga akwati, ya ɗaura tabarau mai ƙafa ɗaya da zare a ɗaya gefen, ya bi layi-layi da yatsa. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ce, “Abu uku takardar nan ta ce. A gama duka kashi biyar a ranar da aka rubuta. A yi su a gaban mai jarrabawa ɗaya. Mai jarrabawa ba zai bar ɗalibi ya fita ko ya yi magana da na waje ba har sai an gama. Ban ga inda ta ce ƙarfe nawa za a gama ba.” Ya dubi Maigida. “Ƙarfe nawa kuke shan ruwa?”

“Shida da rabi da 'yan mintoci,” in ji Maigida. “Amma Saje, mota ƙarfe uku take tashi.”

“Na san lokacin motata. Za mu yi na ɗaya, na biyu, na huɗu, na biyar. Sannan mu zauna. In ladaninku ya yi kira, mu yi na uku. Ku biyu duka, don ba zan niƙa magani sau biyu ba, kuma ba zan bar ɗaya ya ga abin da ɗaya bai gani ba.”

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Mutum ya cire mini ƙaya, maimakon in yi godiya sai na ji bakina yana cewa, “Amma ranka ya daɗe, a takarda na uku ne ke bin na biyu.”

Taubashina ya kifa kansa a tebur. Maigida ya dubi rufi. Saje ya cire tabarau a hankali.

“Malam, in aka kawo maka mutum, jini yana zuba a ƙafarsa, shi kuma ya fara ba ka labarin ciwon kai, wanne za ka fara dubawa?”

“Jinin.”

“To. Lamba ta akawu ce. Aiki shi ke faɗin abin da za a fara da shi. Zauna.”

Na zauna.

Kada wani ya ɗauka ya sassauta mana. A rubutu ya karɓe takardu minti bai ƙaru ba. A lissafi ya tsaya a bayana har na ji numfashinsa a ƙeyata. A kashi na huɗu aka shigo da wata tsohuwa Bafulatana daga wajen Zurgu mai gyambo a ƙauri. Na wanke, na sa magani, na ɗaure. Ya sa yatsa a ƙarƙashin bandejin, ya tambayi tsohuwar ko ya matse ta. Ta ce kaɗan. Ya ce, “Kaɗan ɗin nan a ƙafarta yake, ba a taka ba. Kwance.” Na kwance na sake, ya rubuta wani abu a littafinsa da ban so ba. A kashi na biyar ya duba farcenmu ɗaya bayan ɗaya, har na babban yatsa. Kafin azahar mun gama huɗu.

Sai zama. Wanda bai yi azumin bazara a ƙarƙashin rufin kwano ba, ba zai gane awa shidan nan ba. Iska ta tsaya cik. Kwanon yana ƙara kamar ana taka shi. Saje ya ja kujerarsa ya tare bakin baranda, akwatinsa a ƙarƙashin ƙafa. Da lokacin salla ya yi, shi da kansa ya ce wa Maigida a kawo buta da tabarma, muka yi alwala a gabansa, muka yi salla a gefensa, ya kau da kai amma bai tashi ba. Masu neman magani suka riƙa zuwa, Maigida yana sallamarsu ta taga shi kaɗai, duk wanda ya gaishe mu sai dai mu ɗaga masa hannu.

Ƙarfe uku saura kaɗan direban motar ya zo da kansa.

“Saje, mun cika, kai muke jira.”

“Ku tafi.”

“Ka san fa ba mu dawowa sai...”

“Na ce ku tafi.”

Muka ji motar ta yi ƙaho sau biyu ta kama hanyar birni.

Akwai gorar shayi da ƙunshin burodi a saman akwatinsa tun safe. Na lura bai taɓa su ba. Bayan la'asar Maigida ya ce, “Saje, kai ba azumi kake yi ba. Shiga ciki ka ci abincinka, babu laifi.”

Ya ce, “In na shiga ciki, wa zai tsare su? In kuma na ci a nan, wa zai tsare ni daga idon wannan?” Ya nuna taubashina, wanda tun ɗazu yake kallon gorar kamar kura ta ga akuya a turke.

“Ranka ya daɗe, ni gorar kawai nake yaba wa maƙerinta.”

“Yaba daga nesa.”

Wajen ƙarfe shida ya sa muka juya fuska ga bango. Ya shiga ɗaki ya bar ƙofa a buɗe don ya riƙa ganinmu. Muna jin ƙarar turmin magani, sai ƙarar ruwa, sai turmi kuma. Na ƙirga. Sau shida ya niƙa, sau shida ya wanke turmin ya goge.

Rana ta faɗa bayan duwatsun Rano. Kafin ladan ya yi kira, sai ga kayan buɗa-baki daga gidan Maigida, domin ba a yi baƙo a gari a bar shi haka: ƙwarya cike da kunun tsamiya mai citta da kanumfari, da akushin ƙosai, da yaji a gefe. Ƙamshin ya cika barandar. Ladan ya yi kira.

Saje ya ce, “Ban hana kowa cin abinci ba, doka ba ta ba ni wannan ikon ba. Abin da na sani shi ne harshe kayan aiki ne, kamar allura.”

Bai ƙara ba. Taubashina ya ce gaggauta buɗa-baki sunna ce, kuma mayar da kunun matar Maigida rashin kunya ne, shi kuwa ba a haife shi da rashin kunya ba. Ya sha ludayi uku, ya bi da ƙosai huɗu, kowanne sai ya dangwala shi a yaji. Ni na yi bisimilla na kurɓi ruwan randa sau uku. Sunna ta cika da ruwa. Muka yi magariba, Maigida ya ja mu. Cikina yana kuka har na ji tsoron na kusa da ni zai ji.

Sunan taubashina ne a sama, shi aka fara kira. Ina zaune a baranda na ji ya ce, “Innalillahi!” sai tofi, sai kurkurar baki, sai tofi kuma. Bayan minti goma aka fitar da shi ta ƙofar baya. Saje ya leƙo. “Malam mai lamba, shigo.”

An kunna fitilar ƙwai. Faranti shida a jere a kan tebur, kowanne da lambarsa a gaba, daga ɗaya zuwa shida, duka fari fat, babu mai bambanci da ɗan'uwansa. Ga kofin ruwa, ga tasar tofi, ga takarda da fensir. Saje ya dubi agogo ya ce, “Fara.”

Hannuna ya tafi kan na ɗaya kai tsaye. A karo biyun da suka wuce haka na yi, daga ɗaya zuwa shida, na kuma ci kashin, domin sa'a ta sa kwinin ya zo can ƙarshe. Har yatsana ya taɓa garin. Sai na tuna maganar safe. Kwinin in ya hau harshe ba ya sauka, duk abin da ya biyo bayansa ɗaci ne. Harshen da ya yini a bushe kuma ya fi saurin rikicewa. Ashe ba lamba ce za ta gaya mini inda zan fara ba. Na goge yatsana a riga.

Na ce, “Ranka ya daɗe, an yarda in taɓa ruwan nan da wani abu ban da baki?”

“Ruwanka ne. Minti tara.”

Ga yadda na yi. Da farko na ɗiga ruwa sau shida a kan tebur, ɗigo ɗaya a gaban kowane faranti, na sa ɗan gari a kowanne na motsa da gindin fensir. Sannan na duba. Uku sun narke, uku sun ƙi. Na san sukari da soda da gishirin wanke ciki su ne masu narkewa, kuma babu mai kashe harshe a cikinsu. Sai na lasa su da bakin harshe ina kurkurewa. Faranti na biyar zaƙi, sukari ke nan. Na biyu ya yi ɗanɗanon kanwa, soda ke nan. Na shida gishiri-gishiri da ɗan ɗaci mai wucewa, na wanke ciki. Daga nan na koma kan ukun da suka ƙi narkewa. Faranti na uku ya mai da ɗigon ruwansa kamar madara, yana santsi a yatsa. Na lasa, babu ɗanɗano sai ƙasa-ƙasa, na gudawa ne. Saura biyu. Na sunsuna. Na huɗu yana da ɗan warin tsami can nesa. Na lasa, tsami ne, asfirin.

Saura na ɗaya, wanda hannuna ya fara taɓawa.

Na riga na san ko mene ne, har na ɗauki fensir. Saje ya ce, “Kashin nan sunansa gane magani da harshe.” Na ajiye fensir na lasa. Ɗacin ya ratsa ni har cikin kunne, idona ya kawo ruwa. Na rubuta kwinin. Saura minti ɗaya.

Ya karɓi takardar, bai nuna komai a fuska ba. Ya dubi ɗigo shidan da ke kan tebur ya ce, “Goge teburin mutane.” Na goge. Ya rubuta lokacin da aka gama a ƙasan takarda, ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu, ya sa a ambulan, ya narka jan kaki ya buga hatimi. Sannan ya ce, “Je ka sha kununka.”

Na sha, amma kunun kwinin na sha. Ƙosan ma haka. Taubashina ya ce shi da na ɗaya ya fara, a kan yaji da tsamiya, daga nan duniya ta zama abu ɗaya, sau uku ya rubuta kwinin. Ya ce, “Ai ko ba komai na ci ɗaya daga cikin ukun. Kai kuwa bawana, kowa ya buɗe baki da dabino, kai ka buɗe da maganin zazzaɓi.” Saje ya zauna a tabarma tare da mu, ya buɗe gorarsa. Shayin ya huce tun tuni. Ya sha abinsa haka, ya ci ƙosai biyu.

Washegari na zo aiki na tarar da shi yana aske gemu a bayan ɗaki. A ɗakin ajiya ya kwana, a kan benci. Na tambayi Maigida yaushe mota za ta zo. Ya ja ni gefe ya ce, “Sai Litinin. Yau Juma'a hutun Kirista ne, jibi Lahadi kuma babbar sallarsu ce ta Ista. Iyalinsa suna birni suna jiransa. Abin da direba ya so ya faɗa ke nan ya katse shi.”

Ni na yi ta ƙirga kwanakin watanmu a kalanda, ban taɓa duba abin da ke rubuce da ja a gefen ranar ba.

Kwana huɗu Saje ya yi a Rano. Juma'a da Asabar ya sa riga ya taya mu aiki, yana yi wa Maigida faɗa a kan yadda muke jera kwalabe. Ranar Lahadi ya sa fararen kaya, ya ɗauki ɗan littafinsa, ya zauna shi kaɗai a gindin tsamiyar da ke bayan ɗakin tun hantsi har rana ta take. Da yamma na kai masa tuwo daga gidana, na durƙusa na fara godiya. Ya ɗaga hannu.

“Ba na karɓar godiya kafin sakamako ya fito. Tuwon ma kai wa Maigida, a kwanonsa zan ci. In ka ci jarrabawa kai ka ci. In ka faɗi, bandejin tsohuwar nan ne ya kayar da kai, ba azumi ba.”

Maganar bandejin nan ta hana ni sakewa har aka yi salla.

Mako biyar bayan salla takarda ta zo. Na ci, kashi na huɗu da ƙyar, na uku ba kuskure. Taubashina ya faɗi na uku, ya ci a shekara ta gaba, lokacin da jarrabawar ta faɗo bayan salla, har ya mutu yana cewa kunun matar Maigida ne ya ci masa shekara guda. Maigida ya gaya mini cewa a birni an tambayi Saje a rubuce dalilin da jarrabawar safe ta kai bayan magariba. Ya amsa cewa an gama a ranar da aka rubuta, a gaban mutum ɗaya, babu wanda ya fita, in akwai doka ta huɗu a nuna masa. Ba a sake tayar da maganar ba. Ba a kuma rubuta abin da ya yi a cikin dokoki ba. Bayan wasu shekaru magani ya koma ƙwaya mai suna a jiki, aka soke kashi na uku gaba ɗaya.

Sau ɗaya na sake ganin Saje, a babban ɗakin ajiyar magani na birni, ranar da na je karɓar kayan buɗe ɗakin Kibiya. Na gaishe shi na faɗi sunana, bai gane ba. Na ce Rano, watan azumi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Au, na uku ne ke bin na biyu.” Na ce yanzu sakamako ya fito, na zo da godiyata. Ya ce, “Na karɓa. Ƙirga kwalabenka kafin ka sa hannu.”

Ranar Litinin ta farkon damina aka ba ni mabuɗin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man gyaɗa ya buɗe. Na share ɗakin, na wanke kanta, na jera kwalabe, kwinin a can ƙarshen layi shi kaɗai. Ban gama ba na ji takun jaki a kan hanyar Fammar. Wani mutum ne ya ɗoro mahaifinsa, ya nufi Rano kamar yadda aka saba. Har ya gota ƙofar, sai ya waiwayo ya gan ta a buɗe, ya ja akala ya tsaya.